Kwantaccen Cikin Saudatu

Dudunni, ƙasar Kusada
Tsakiyar rani, Maris 1944

Takarda ta fito daga bakin Zinariya ungozoma, da hannun Malam Jaji malamin dagaci, zuwa ga angona Maharazu, jikan 'yar'uwata Rabi ta Kankiya, mai koyon aikin asibiti a Zariya.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke ta yi mini tsiya, da ɗan tari da ya taɓa babban ɗana Babba, shi ma ya sake shi. Mutanen gidanku na Kankiya suna lafiya. Bube mai goro ya gan su ranar kasuwa, shi ne ma zai kai wannan takarda gidan waya.

To, rago, mijin banza. Wata takwas da tafiyarka, ko gutsuren sabulu ban gani ba. In ba ka iya riƙon mata ba ka aiko mini da takardar saki, manema na nan birjik, har da masu haƙori. Kakarka Rabi ɗiyar wan ubana ce, amma ko nono ɗaya muka sha ba za mu fi yadda muke ba. Tun da ta rasu ta bar mini kai, ban ga abin da na samu wurinka ba in banda cinye mini ƙwan zabi.

Ga albishir. Ka san Saudatu, matar kawunka Gajere, autana, wanda ya je cin rani Kano shekara biyu ke nan aka rubuta shi soja. Ashe da ƙaramin ciki ya bar ta, cikin ya kwanta saboda baƙin cikin tafiyarsa. Bana Allah ya tashe shi. Ni na duba ta da hannuna, hannun da ya karɓi rabin mutanen Dudunni, na ce kwantacce ne kuma ya motsa. In Allah ya so da farkon damina za mu sha suna. Jaji, rubuta wannan da kyau, kada ka rage kome.

Shi Gajere shiru kake ji, an ce an kai su hayin teku. Ku da ke kusa da bariki in ka tsinci wani labari ka sanar da mu.

Ka ba ni labarin abin da Turawan nan ke ɗura maka. In har sun koya maka karɓar haihuwa ka faɗa mini da wuri, in nemi wata sana'ar.

Matarka ta dole,
Zinariya


Zariya, 9 ga Afrilu, 1944

Zuwa ga uwargidana Kaka Zinariya, mai haƙori ɗaya da rabi.

Ina gaishe ki da girmamawa. Takardarki ta same ni lafiya, zazzaɓin kwana biyu na yi ya wuce. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa. A gaida Kawu Babba da duk mutanen gida. Batun saki kuwa ba na yi. In na sake ki wa zai kwasa? Manemanki masu haƙori ina so in ga ko guda. Sabulu na tare da wannan takarda, ki bar yi mini terere a gari.

Kin tambayi abin da ake koya mana. To, gyara zama. Likitanmu ya sa an kawo kaji biyu masu kwanci. Kullum da safe sai a zaro ƙwai ɗaya, a huda ɓawon daga bisa, mu leƙa da madubin likita, wanda ke mai da ƙwayar rairayi ta koma kamar dutsen niƙa. Na san kin soma salati saboda ɓarnar ƙwai. Ni ma ranar farko hankalina na kan suya.

Kin san ɗan farin tabon nan da ke bisa gwaiduwa? Ɗan tsako duk daga nan yake fitowa. Gwaiduwar guzurinsa ce kawai. Tabon nan tarin waɗansu ƙwayoyi ne masu rai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Asalinsu ƙwaya ɗaya ce tak. Ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, haka har lissafi ya ɓace. Sa'an nan su shimfiɗu hawa uku, kamar kin ɗora faifai bisa faifai. Na bisa shi ke zama fata da gashi da ƙwaƙwalwa da laka. Na tsakiya shi ke ba da ƙashi da tsoka da jini. Na ƙasa ya naɗe ya zama hanji, daga jikinsa hanta da huhu suke toho. Ran kwana na uku, Kaka, wallahi da idona na ga wani jan ɗigo yana bugawa. Ba fiffike, ba ƙafa, kan ma bai gama zama kai ba, amma zuciya ta kama aiki. Ranar nan na manta da abincin rana. Ban taɓa jin tsoron Allah irin na lokacin ba.

Likita ya ce ɗan Adam ma haka yake farawa. Ƙwaya ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, su haɗu su zama guda, ta yi ta rabuwa. Kafin wata ɗaya zuciya ta soma bugawa, wajen wata biyu yatsu sun fito. Gudan jini da tsokar da Liman ke faɗa mana a karatu, na gan su cikin kwalba. Ni da ke da dagaci da shi kansa Likitan, duk daga ɗigon nan muka taso.

Yanzu ga inda zan kayar da ke. Abin nan ba ya tsayawa hutu. Na tambayi Likita batun kwantaccen ciki, ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ƙwayoyin nan in sun daina rabuwa sun mutu ke nan. Ke ma ai shaida ce. Kin taɓa ganin kaza ta soma kwanci, ta tashi ta yi shekara biyu tana yawo, ta dawo ta ƙyanƙyashe? Wannan ƙwai sunansa baragurbi. Kaza kwana ashirin da ɗaya, zabuwa ashirin da takwas, mace wata tara da 'yan kwanaki. Duk wadda ta haihu farkon daminar bana, cikinta na ƙarshen daminar bara ne, lokacin da dawa ta rufe mutum, ko da duk ungozomomin ƙasar Katsina sun taru sun rantse. Saboda haka abin da ke jikin matar Kawu ƙila kumburi ne ko wata cuta. A kai ta Katsina a duba. To, tsohuwa, hannun da ya karɓi rabin Dudunni ya ɓata lissafi! Ki tanadar mini tukwicin karatu kafin in zo.

Na tambayi sojoji biyu a kasuwa labarin Kawu. Sun ce masu suna Gajere Katsina sun fi goma a cikinsu, wanne nake nufi?

Mijinki da ba ya saki,
Maharazu


Dudunni
Mayu 1944, ruwan farko ya sauka

Daga Zinariya zuwa ga Malam Maharazu, masanin ƙwai.

Muna lafiya, in har wannan sunanta lafiya. An yi shuka shekaranjiya. Sabulu ya iso, yana nan inda Bube ya ajiye shi.

Zan faɗi laifina kafin in zo kan naka. Takardarka ta zo ranar Juma'a. Don in yi fariya da kai, na hana Jaji ya zo gida ya karanta mini. Na yafa zane na tafi ƙofar dagaci bayan la'asar, inda maza ke taruwa, na ce a karanta gaban kowa, a ji jikana ya zama likita. An sha dariyar haƙorina. An yi kabbara da zuciyar ɗan tsako, Liman kansa sai da ya gyaɗa kai. Da aka doshi wurin baragurbi na yi tari, na yi gyaran murya, na ce na gaji a bari haka. Wannan bawan Allah da ke rubuta maka yanzu sai ya ƙara ɗaga murya. Rubuta, Jaji, kai nake nufi, kada ka tsallake. Ya karance ta tas da muryar da yake karanta umurnin Hakimi. Ni da kai mun san wasan jika da kaka ne. A bakin Jaji kuwa hukunci ne ya fito daga Likita.

Babba na zaune a wurin. Ina kallonsa yana lanƙwasa yatsu.

Kumburi, in ji ka. Kumburin da ke shuri har a gani ta bisa zane? Wa kake tsammani zai yarda? Ka toshe ƙofa ɗaya, ka bar wa mutane wadda ta rage, ka kuwa san ko wace ce.

Ga abin da ƙwan naka ya ƙyanƙyashe. Liman ya ce a wurin malamai ciki na kwanciya har shekara biyar, shari'a ba ta da magana da Saudatu. To, amma bakin mutane ba ya jiran alƙali. In ta je rijiya mata sai su yi tsit, kowace ta janye gugarta. 'Yan mata sun sa baragurbi cikin waƙar daka. Ubanta ya aiko daga Sukuntuni cewa kada a kai masa ita goyon ciki, ba shi da ɗiya mai wannan suna. Babba kuwa, wanda tun yana yaro bai san kwana a magana ba, ya rantse in ta sauka ba zai yanka rago ba, ba zai raba goro ba, ba za a raɗa wa abin da ta haifa suna a zauren ubansu ba. Ya ce ƙanensa na can hayin teku yana shan wuya, ba za a liƙa masa ɗan wani ba. Ka san abin da ake kiran yaron da aka hana wa ragon suna. Shi zai ɗauka har kabarinsa.

Ita yarinyar ba ta ce uffan ba. Ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta. Jiya na iske ta bayan rumbu ta cusa zane a baki tana kuka don kada a ji.

Halan kana tsammani shekara arba'in ina yankan cibi ban san kwanan kaza da na zabuwa ba? Tun ba a haifi Likitanka ba nake sa wa kaza ƙwan zabi. Na ce kwantacce ne, ina nan kan bakana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, balle ya leƙa madubi. Sauran magana ba ta takarda ba ce.

Kada ka ƙara kirana matarka.

Zinariya

Ni Jaji ina ƙarawa da nawa: abin da na gani a rubuce shi na karanta, ban ƙara ko wasali ba. Amma na ji tarinta, na kuma gane, daɗin sauraro ya ja ni. A gafarce ni.


Zariya, 29 ga Mayu, 1944

Kaka,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Jikina lafiya. Takardarki ta yi kwanaki a hanya, jiya ta iso. Na soma karanta ta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa.

Ba ni da bakin kare kaina. Da zan ce ban sani ba, da na sami sauƙi, amma zan faɗa miki abin da ya fi muni. Lokacin da na rubuta maganar daminar bara, alƙalamina ya tsaya. Zuciyata ta ce, anya Maharazu, ka san inda wannan magana za ta faɗa? Sai daɗin kayar da ke ya rinjaye ni. Tun ina yaro ban taɓa cin ki a gardama ba, ranar nan na ga na samu. Na ƙara batun kumburi don in wanke hannuna, ni kaina ban yarda da shi ba. Ƙwai nake gani, da ke kina cizon yatsa. Saudatu ko fuskarta ban tuna ba. Ita ce kuwa ta ɗinke mini aljihun riga ranar da na zo yi muku sallama, ta cika shi da aya, don kunya ko ɗaga ido ba ta yi.

Magana zarar bunu ce, kin sha faɗa mini. Ni har tambari na sa aka buga wa tawa a gidan waya.

Ban tambayi kome ba game da cikin nan, ba kuwa zan tambaya ba. Ba ni aka ba ajiyarsa ba. Na nemi izinin zuwa gida an hana ni, wai sai bayan jarrabawa cikin Yuli. Yau da safe aka huda ƙwai na aji na ƙasa da mu, aka ce in nuna musu zuciyar, na ce cikina ke ciwo na fita.

Malam Jaji, yanzu da kai nake. Ka nemi gafara, ni ma ita nake nema, ga hanya ɗaya da na gano mana. Wannan shafi na Kaka ne ita kaɗai, amana ce, a ɗaki za ka karanta shi. Shafi na biyu shi za ka kai ƙofar dagaci ranar Juma'a bayan la'asar, ka tabbata Kawu Babba na zaune, ka karanta da muryar nan taka. Kada ɗayanku ya tambaye ni ko Likita ya faɗi abin da ke ciki. In labarin shafin nan ya dawo Zariya karatuna ya ƙare, na sani, na kuma yarda.

Shafi na biyu:

Zuwa ga jama'ar Dudunni. Ni Maharazu na yi kuskure a takardata ta baya, ƙuruciya da ɗanyen karatu suka ja ni. Na koma wurin Likita, ya buɗe babban littafi ya ga lalle cikin mace yakan kwanta shekara biyu ko fi, sa'an nan ya tashi. Hukuncin kaza daban, na ɗan Adam daban. Abin da ungozoma ta faɗa game da matar Gajere shi ne daidai. Wanda ya zarge ta saboda maganata, ya nemi gafararta.

Allah ya sa ta iso kafin a sauka. Kaka, ko zagi ne ki aiko mini, shirun ya fi ciwo.

Maharazu


Dudunni
Farkon Yuli 1944

Daga Zinariya zuwa ga Maharazu.

Gaisuwa. Jikinmu lafiya, gero ya yi kyau, an gama noman farko.

Saudatu ta sauka ranar wata Talata, namiji. Kwana shida gidan nan ba guɗa ba barka. Ni na yanke cibi, ni ke dafa ruwan wanka, ni ke dama kunun kanwa da gwiwar nan tawa. Takardarka ta iso ranar Alhamis, kwana biyu bayan suna, don noma ya riƙe Bube mako uku bai leƙa Kankiya ba. Ihu bayan hari. Jaji ya karanta mini a ɗaki, na sa ya ƙone shafi na biyu a gabana. Na ga ƙoƙarinka, amma ba ka iya ƙarya ba, ka bar wa masu sana'ar.

Yanzu magana ta fito fili, takarda na iya ɗaukarta. Gajere ba ya hayin teku, bai taɓa ganin teku ba. Bara da bazara, da aka loda su jirgin ƙasa za a kai su Ikko, ya dira a wata tasha ya gudu. Ya ƙetara ƙasar Maraɗi yana haƙar rijiya da wani suna. Ƙarshen damina, da dawa ta rufe mutum, ya sato hanya ya zo. Kwana biyar ya yi ɓoye a bukkar gonarmu, Saudatu na kai masa abinci da sunan korar tsuntsaye. Mu uku muka sani. Babba ban gaya masa ba, don in dagaci ya tambaye shi, ko bakinsa bai amsa ba fuskarsa za ta amsa. Ka san dokar: sojan da aka gani a gida ba takardar izini a miƙa shi, wanda ya ɓoye shi ma a haɗa da shi.

Da ciki ya bayyana ni na ce kwantacce ne. Na sa shi a takardarka don bakin Jaji ya yaɗa mini shi, ba sai na bi gida gida ba. Ba kai na rubuta wa ba, Maharazu. Ban zaci za ka amsa ba. Laifina na biyu ke nan.

Saudatu ta zaɓi a kira ta abin da aka kira ta, da dai a kama mijinta. Har wuƙa na ga ubanta zai iya sa mata, ba za ta buɗe baki ba. Amma waƙar daka ta fi mu sauri. Fatake suka kai ta har bakin rijiyar da yake haƙa.

Ranar suna da safe ba kowa a zaure sai Liman, da ya zo don kunyar idona, da wanzami. Ba rago, ba goro. Sai ga mutum ya shigo gari ta babbar hanya, ba ta bayan gida ba, yana janye da rago, ga ƙwaryar goro a ka. Ya tsaya ƙofar dagaci ya yi sallama da ƙarfi, ya ce, “Ni ne Gajere, sojan gudu. Na zo sunan ɗana. A ba ni zuwa azahar.” Gari ya taru. Ya faɗi ranar da ya zo bara da ranar da ya koma, ya ce wanda ke shakka ya je bukka ya tona ƙarƙashin murhu, zai ga maɓallan rigar sojansa. Babba ya sake lanƙwasa yatsu da lissafin nan naka, ya fito wata tara cif. Sai ya zube ƙasa ya rushe da kuka. Shi ya kayar da ragon da hannunsa.

An raɗa wa yaro Ummaru. Gajere ya riƙe shi, ya ƙi ba kowa, har fura da hannu ɗaya ya sha. Da azahar dagaci, yana share ido da bakin rawani, ya sa aka kai Gajere Kankiya. Mu mata aka yi mana faɗa aka ƙyale mu. Shi kuwa daga can an ce Zariya aka wuce da shi, ɗaure da igiya.

Uban Saudatu ya zo da kansa shekaranjiya, da damin gero da kunya. Matan rijiya yanzu rige-rigen ɗebo mata ruwa suke. Sunan yaro ya wanku, nata ya wanku. Ɗana ne dai ba ya nan.

Lissafinka daidai ne, ban taɓa cewa ba daidai ba ne. Kawunka yana garinku yanzu. In kana da sauran amfani ka nemo shi.

Zinariya


Zariya, 6 ga Agusta, 1944

Kaka,

Gaisuwa gare ki, da Kawu Babba, da mai jego, da Ummaru. Ina lafiya.

Na same shi. Ana tura mu taimako ɗakin marasa lafiya na bariki saboda ƙarancin hannu, na roƙa aka riƙa sa ni kullum, har ranar da aka shigo da shi. Igiya ta ci masa idon sawu ya zama miki. Kwana tara ni nake wanke masa. Ba su ɗaure shi da daɗewa ba, sun ce mutane suke bukata. Sun sa shi cikin ayarin da za a kai hayin teku. Jiya da hantsi jirginsu ya tashi, wannan karon da masu gadi a kowace ƙofa. Na je tasha. Ƙafar ta warke, da kansa ya hau.

Ranar farko na kasa ɗaga kai. Ina durƙushe da tasa ina wanke ƙafar na ce, “Kawu, ni na rubuta takardar nan.”

Ya ce, “Na sani. Har Maraɗi an san mai ƙwai.”

Na ce ya yafe mini. Da na gama naɗa bandeji na miƙe zan tafi, sai ya riƙo hannun rigata.

“An ce kai ka san yadda mutum ke farawa. Kwana biyar na yi a gonar nan. Ranar da na juya na tafi, Ummaru yana nan?”

Na ce in a farkon zuwansa Allah ya ƙaddara, to yana nan.

“Kamar yaya girmansa? Ya kai wake?”

Na ce bai kai ba. Ya ce gero fa? Na ce bai kai ba. Na sa yatsa cikin tasar na lakato ƙwayar rairayi ɗaya da ta fito daga ƙafarsa, na ɗora masa a tafin hannu, na ce wannan ma ta fi shi girma. 'Yan ƙwayoyi ne a dunƙule suna ta rabuwa, ko wurin zama bai kama a cikin uwarsa ba tukuna. Ba kai, ba zuciya. Amma duk abin da zai zama yana nan ciki, har gajartar in ya gado ta.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sai ya yi dariya, dariyar nan tasa ta hanci, ya ce, “Kai! Ashe mun zauna bukka ɗaya ni da shi har kwana huɗu. Ni ina ta baƙin ciki wai rabin wuni kawai na samu da shi ranar suna. Ka rubuta wa Inna, ta gaya wa Saudatu.” Ya yagi bakin bandejin ya ƙulle ƙwayar rairayin a ciki ya sa aljihu. Da ita ya hau jirgi.

Ya ce a gaya wa Kawu Babba bai riƙe shi da kome ba, shi ma da haka zai yi. Ya ce kada a yi gaggawar yaye. Batun yafewa har ya tafi bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ni kuma ban ƙara samun fuskar tambaya ba.

Mun yi jarrabawa. Tambayar farko kan hawa ukun nan ce, ni na zo na ɗaya. Takardar na cikin akwati, ban nuna wa kowa ba. Abin da na gani a madubi gaskiya ne, Kaka, har gobe in na tuna jan ɗigon nan tsigar jikina na tashi. Amma da na riƙe alƙalamina, da yanzu Kawu na Maraɗi yana haƙar rijiya, da Ummaru na da uban da zai iya sato hanya ya zo ganinsa. Wannan ba ya barina in ci abinci da daɗi.

An ba mu hutu ƙarshen wata mai zuwa. In kin yarda in ƙaraso Dudunni. In ba ki yarda ba zan tsaya Kankiya, ba zan ga laifinki ba.

Jikanki,
Maharazu


Dudunni
Satumba 1944

Maharazu,

Muna lafiya. Dawa ta sake rufe mutum. Ummaru ya soma dariya, ta hanci yake yin ta, kuma da alama ba zai yi tsawo ba.

Jaji ya karanta mana takardarka a ɗaki, ƙofa a rufe. Saudatu ta sa ya maimaita wurin rairayin sau uku. Tun ranar kullum da hantsi sai ta goya yaron ta tafi bukkar nan, wai korar tsuntsaye. Ban hana ta ba.

Ka zo. Ban ce na yafe ba, ni ma ban yafe wa kaina ba, sai mu zauna mu biyu masu laifi. Zabi sun yi ƙwai, ba mai ci.

Amma kafin ka taso ka yi mini tambaya ɗaya wurin Likitanka, tun da shi ya san wa'adin kome. Kaza kwana ashirin da ɗaya, zabuwa ashirin da takwas, mace wata tara. To, soja fa, kwana nawa yake yi kafin ya dawo wa uwarsa?

Kakarka,
Zinariya